Shawara Ga Masu Shirya Sabuwar Zumunta A Cikin Ikilisiya

Ko wace shekara, in kaka ta yi, an sheƙe dawa an kai rumbu, Kirsimeti kuma ta gabato, a kan ga dattawan ikilisiya a garuruwa da ƙauyukan ƙasarmu sun taru tare da fastonsu, su na shawarar ayyukan shekara mai zuwa. A wajen irin wannan zama ne a ke yanke ko za a kafa sabuwar ƙungiya, ko za a ƙara ranar taro, ko za a ɗinka sabon anko, ko kuwa za a sayi kayan kiɗa. Ya yiwu wani ya ce, ina ruwan masu koyon malanta da wannan magana? To, da ruwanmu. Duk ƙauyen da aka tura sabon malamin makaranta, da wuya ya yi wata uku ba a danƙa masa littafi da alƙalami an ce shi ne magatakarda ba. Waɗanda ke Kirista a cikinmu za su zauna cikin waɗannan kwamitoci da kansu. Waɗanda ke Musulmi kuwa za su sami 'ya'yan mutanen nan cikin azuzuwansu, za su kuma ga bambancin yaron da ya yi barci da wanda ya kwana wajen taro. Bayan haka, abin da za mu faɗa ya shafi ko wace jam'iyya da mutane su ka kafa don taimakon juna.

Ra'ayinmu shi ne, kada ikilisiya ta ƙara ko wane sabon shiri sai ta ƙidaya mutanenta, ta ƙidaya lokacinsu, ta kuma ƙidaya abin da ke cikin aljihunsu. Shirin da ya cancanci a kafa shi ne wanda zai jawo mutumin da ke waje. Wanda zai ƙara wa masu ƙwazon da aka riga aka gajiyar kaya, gwamma a bar shi.

Mu duba yadda abin ya kan faru. Wani ɗan gari ya je Jos ko Kaduna, ya ga babbar majami'a mai ƙungiyoyi barkatai, ko wace da tutarta da tufafinta da makon bikinta. Ya komo gida zuciyarsa cike da sha'awa, ya ce ai mu ma ba za a bar mu a baya ba. Dattawa su ji kunyar a ce su ne masu hana ci gaba, sai su yarda. A naɗa shugaba da mataimaki da magatakarda da ma'aji, a yanka wa ko wa kuɗi, a yi ƙaddamarwa da kiɗa da shinkafa. Wata biyu a na cika ɗaki. Da ruwa ya sauka, sai ka ga mutum biyar, su ma ɗin su ne dai waɗanda ke zuwa ko wane taro tun can. Kafin shekara ta kewayo ƙungiya ta mutu, babu abin da ya saura sai tuta a jingine da bango da ƙorafin inda kuɗi su ka shiga. Babbar hasarar ma ba ta kuɗin ba ce. Mutane ne su ke koyon cewa maganar kwamiti iska ce, har ran da aka zo da shiri mai amfani su ƙi motsawa.

In muka bincika asalin manyan ƙungiyoyin da a ke kwaikwayo, za mu iske ba da ƙaddamarwa su ka fara ba. A shekarar 1780, a garin Gulosta na Ingila, wani mai buga jarida, Robert Raikes, ya ga yaran matalauta su na aiki kwana shida a mako, ran Lahadi kuwa su na gararamba a titi ba su san ko baƙi ɗaya ba. Sai ya ɗauki waɗansu mata ya na biyansu su koya wa yaran karatu a ranar nan ɗaya da su ke da ita. Daga nan ne makarantar Lahadi ta yaɗu. A shekarar 1876, wata matar limamin Kirista a wani ƙauye na kudancin Ingila, Mary Sumner, da ta ga 'yarta ta yi haihuwar fari, sai ta tuna irin fargabar da ita ma ta sha, ta kira matan ƙauyen gidanta, masu hali da marasa hali, don su ƙarfafa juna wajen reno da tarbiyya. Shekara 9 abin ya na cikin ƙauyen nan kaɗai, sai a 1885 ya fita waje. A shekarar 1883 kuma, a birnin Gilasgo na Sikotlan, William Smith, wanda ya ke malamin makarantar Lahadi ne kuma hafsa cikin sojan sa kai, ya lura ya na iya sarrafa manyan maza a filin fareti amma samari sun gagare shi a aji. Ya ce bari ya gwada fareti da su. Asalin Birged ta samari ke nan. Ko wane ɗaya daga cikin mutanen nan wata bukata ya gani da idonsa a unguwarsu, ya nemi maganinta da abin da ke hannunsa.

A ƙasarmu ma haka abin ya ke. Masu bisharar da su ka sauka Garkida a 1923 a gindin tsamiya su ka yi sujadarsu ta fari, ba da daɗewa ba kuwa su ka buɗe makaranta da wurin shan magani, domin su ne abin da mutane ke nema. Da jama'ar Likita Mila su ka tashi daga birnin Zariya su ka koma Wusasa a 1929, majami'a da makaranta da asibiti tare su ka girma. Zumuntar Mata kuwa, wadda kusan ko wa ya yarda ita ce ƙashin bayan ikilisiyoyi masu sujada da Hausa, ba zane iri ɗaya ne ya ba ta ƙarfi ba. Ƙarfinta ya fito daga ɗebo ruwa da itace a gidan mai jego, da zaman makoki, da kai tuwo asibiti, da waƙa da tulu da ganga irin waɗanda matan su ka tashi da su. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, matan nan kuwa da ƙafa su ka gina tasu.

Sabo da haka, abin da za a fara da shi shi ne ƙidayar mutane. Mu masu koyon malanta an hore mu kiran rajista kafin ko wane darasi, amfaninta kuwa shi ne a san wanda bai zo ba. Kwamiti su ɗauki takarda su bi gari gida gida, su rubuta. Tsofaffi nawa ne ƙafa ta hana su zuwa? Gwauraye nawa ne ke riƙe da marayu? Samari nawa ne su ka gama makaranta ba su da sana'a, nawa ne kuma ke tafiya ci-rani da zarar an gama girbi? Manya nawa ne ke riƙe Littafin Waƙoƙi a hannu alhali ba su iya karanta shi ba? Akwai kurame ko makafi da ba wanda ya taɓa tunawa da su? Akwai kuma baƙi. Tun da fitinar Boko Haram ta tashi a 2009, mutane masu ɗimbin yawa, Musulmi da Kirista, sun bar gidajensu a arewa maso gabas. A watan Oktoba na 1914 babu wanda zai yi zaton irin wannan, amma a Oktoba na 2014 har hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, kusa da Mubi, an mamaye, shugabanninta su ka yi zaman gudun hijira a Jos na wani lokaci. Ikilisiyar da ta karɓi irin waɗannan baƙi ta zauna ta na shawarar launin anko, ba ta tambayi wa ya kwana da yunwa ba, lalle ta fara gini daga jinka.

Bayan mutane sai lokaci. Bari mu yi lissafi irin na aji. A ɗauka ga wata mace mai 'ya'ya huɗu, mai ƙwazon ibada. Sujadar Lahadi sa'a 3. Taron Zumuntar Mata sa'a 2. Addu'ar tsakiyar mako sa'a 1 da rabi. Binciken Littafi Mai Tsarki sa'a 1 da rabi. Koyon waƙa sau biyu, ko wane sa'a 2. An sami sa'a 12. In gidanta tafiyar rabin sa'a ne daga majami'a, zuwa da komowa sau 6 sun ci sa'a 6. Jimla sa'a 18 a mako, watau fiye da aikin yini biyu na ma'aikacin ofis. Wannan kuwa ban da daka da girki da ɗebo ruwa da kasuwa da gona. In aka ƙara mata taro na bakwai, daga ina za ta ciro lokacin? Sai dai daga barcinta, ko daga 'ya'yanta. Mu ne kuwa za mu gan su da safe ba wanka, ba aikin gida. Don haka mu na ganin ya kamata a kafa doka, duk ran da za a ƙara taro ɗaya, a rage wani ko a haɗa biyu su zama ɗaya.

Lokaci kuma ba na mako kaɗai ba ne, akwai na shekara. Tsarin da aka kwafo daga birni bai san damina ba. Daga saukar ruwa zuwa gama maimai, manomi ba shi da yini na kansa, da kaka kuma hannunsa na kan lauje. Ayyuka masu nauyi, irin su ajin karatu da koyon sana'a da babban taron gunduma, wurinsu rani ne. Da damina a taƙaita, a bar sujada da ziyara. Waɗanda mu ka yi karatun allo a cikinmu mun san yadda malamai na dā su ka daidaita wannan. A na karatu da asuba da dare a bakin wuta, rana kuwa ta gona ce, ran Alhamis da Jumma'a a huta, ko wane almajiri kuma da allonsa, ya na tafiya gwargwadon ƙarfinsa. Tsarin da ya bi rayuwar mutane haka shi ne ke daɗewa. A kuma duba zancen dare. Inda hanya ba ta da aminci, kada a sa taron da zai sa 'yan mata komowa gida bayan duhu ya yi.

Sa'an nan sai kuɗi, a nan ne kuwa a ka fi yin ɓarna ba da sani ba. Baiko da zakka mutum ya kan bayar gwargwadon ikonsa, ba wanda ya san abin da ya jefa. Amma kuɗin ƙungiya da na anko da na biki, waɗannan a fili a ke karɓa, har a kan karanta sunayen waɗanda ba su biya ba. Matalauciya ba za ta tashi cikin taro ta ce ba ni da shi ba. Sai ta ce kanta ke ciwo, mako mai zuwa ta ce ta yi baƙi, daga nan a daina ganinta. Ƙungiyar da aka kafa don zumunci ta kori wadda ta fi ko wa bukatar zumuncin. Ya kamata a tuna, farkon kayan Birged hula ne da ɗamara da 'yar jaka, a kan tufafin da yaro ya zo da su daga gida.

Akwai wani labari da ya cancanci ko wane ma'aji ya sani. A shekarar 1742, a birnin Biristol, jama'ar John Wesley su na fama da bashin ginin ɗakin taronsu. Wani mutum da a ke kira Kyaftin Foy ya kawo shawara ko wa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce masa da yawa ba su da ko kwabon. Sai ya nemi a haɗa shi da mutum 11 daga cikin mafiya talauci, ya riƙa binsu gida gida, wanda bai samu ba shi ya biya masa. Aka raba jama'a goma sha biyu goma sha biyu, ko wane kashi da mai bi. Abin da ba a zata ba shi ne, masu bin kwabon nan su ne su ka fara sanin wa ke ciwo, wa ya yi faɗa da matarsa, wa ya koma shan giya. Tara kuɗi ya zama kiwon jama'a. Wannan bai yi nisa da kuɗin Laraba na makarantar allo ba, inda a ke kawo ɗan abin da ya sawwaƙa. Kaɗan kaɗan kullum, ba tare da kunyata ko wa ba, ya fi yankan kuɗi mai yawa sau ɗaya. Ko nawa aka tara kuma, a karanta lissafinsa gaban jama'a ko wane wata uku, kuma kada mai riƙe kuɗi ya zama shi ne mai riƙe littafi. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga mutumin kirki daga bakin mutane.

To, in an yi ƙidayar nan, wane irin shiri mu ke ganin zai fito? Ko wane gari da nasa, amma ga waɗansu da ba su cin kuɗi. Na ɗaya, a raba ikilisiya unguwa unguwa, gida goma ko goma sha biyu, ko wane kashi da mai ziyara, yadda babu wanda zai kwanta ciwo mako guda ba a sani ba. Na biyu, ajin karatu na manya da rani. An gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, abin kunya ne a ce har yanzu akwai mai son karanta shi ya rasa mai koya masa, ga kuwa malamin makaranta a gari. Wanda ya iya karanta wannan, ya iya karanta takardar asibiti da rasiɗin kasuwa. Na uku, gayya a gonakin gwauraye da tsofaffi. Samari sun fi son aikin da za su ga ƙarshensa da idonsu, su yi shi da kiɗa da barkwanci, bisa ga zaman benci su na sauraron jawabi. Na huɗu, rumbun ikilisiya. Hatsi na da araha da kaka, ya na tsada a tsakiyar damina sa'ad da rumbuna su ka yi ƙasa. In ko wane gida ya zuba mudu kaɗan da kaka, a ranta wa mabukata a watan Agusta su mayar bayan girbi, an rufa asirin mutane da yawa. Na biyar, a roƙi masu sana'a na cikin jama'a, tela da kafinta da makaniki da mai saƙa, ko wa ya ɗauki yaro ɗaya. Mu na kuma ba da shawara, ajin karatu da filin ƙwallo da rijiya a bar ƙofarsu a buɗe ga maƙwabci ko wane addini ya ke bi. Mutanen da su ka saba haɗuwa a wajen alheri, da wuya mai zuga ya raba su ran tashin hankali.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, ba kuwa za mu raina hujjarsu ba. Waɗansu za su ce, in ba a sayi kayan kiɗa na lantarki an yi manyan taruka ba, samari za su gudu zuwa majami'un da ke da su. Da gaskiyarsu, samari na son abin da ke da armashi, ba laifi ba ne kuwa a saya in da hali. Amma ƙauye ba zai taɓa fin birni amo ba, in gasar ke nan an riga an faɗi. Abin da ƙaramar ikilisiya ta fi babba da shi shi ne ta san sunan ko wane yaro da na ubansa. Saurayin da aka ba shi aiki na gaske, aka ce kai ne mai riƙe mabuɗin rumbu, ko kai ne mai koyar da aji, aka kuma ba shi kujera a kwamiti a ka saurare shi, ya fi wuyar tafiya bisa ga wanda aka saya wa jita aka ce ya yi shiru in manya na magana.

Waɗansu kuma za su ce, aikin ikilisiya sujada ne da wa'azi, noma da rumbu na duniya ne. Amsar wannan na cikin littafinsu. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni an ba da labarin yadda aka yi gunaguni don a na tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, sai aka zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin, domin manzanni su sami sukunin addu'a da koyarwa. Ashe tsarin farko da aka yi a ikilisiya na ciyar da wanda aka manta ne, kuma rabon aiki ne ya kare wa'azin. Masu cewa yawan lissafi alamar ƙarancin bangaskiya ne kuwa, sai mu tuna musu manomi ma da dogara ga Allah ya ke shuka, amma ba ya zuba iri kafin ƙasa ta jiƙa.

Saura yadda za a fara. Kada a fara fiye da abu ɗaya a shekara, gama ba a tauna taura biyu. A sa masa wa'adi, a ce za a gwada wata uku, kamar zangon makaranta. A danƙa shi ga mutum ɗaya da mataimakinsa, waɗanda ba su riga sun riƙe muƙami uku ba. A rubuta tun da fari abin da a ke fata, misali manya 10 su iya karanta sunansu, ko a nome gona 6. In wa'adi ya cika a zauna a duba, a kuma tambayi waɗanda su ka daina zuwa dalilinsu, a keɓe, ba cikin taro ba. In ya yi amfani a ci gaba. In bai yi ba a ajiye shi, a gode wa waɗanda su ka yi wahala, kada a bar shi ya na jan ƙafa shekara da shekaru don tsoron ɓacin ran wanda ya kawo shawara.

Daga ƙarshe, ya ku 'yan'uwa, mu ja kunnen kanmu. Sabon malami ya kan zo da littattafai a kai da ɗoki a zuciya, ya ga kamar dattawa ba su san kome ba. Alhali kuwa su ne su ka san wace gona ce ta marayu, wane gida ne ba a hura wuta jiya ba, wane shiri ne aka gwada shekarun baya ya rushe, da abin da ya rushe shi. Matan Zumunta sun fi su ma sani. Aikinmu shi ne mu riƙe alƙalami da gaskiya, mu yi lissafin da wani ke jin nauyin yi, mu kuma yi tambaya cikin ladabi kafin a ɗaga hannu, mu ce, "Baba, wannan shiri wa zai kawo mana wanda ba ya zuwa yanzu?" In an sami amsa, a yi shi da ƙarfi. In ɗaki ya yi tsit, a dakata har baɗi, sannu ba ta hana zuwa.

Mu na roƙon malamanmu su sa rubutun rahoton taro da riƙon littafin kuɗi cikin abin da a ke koya mana kafin mu fita, gama za a tambaye mu su tun ba mu kwance kayanmu ba. Wanda kuma ke da wani ra'ayi dabam, shafin nan a buɗe ya ke gare shi a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ikon amfanar jama'ar da za a tura mu cikinsu, amin.